Wanda Jama'a Suka Karantar, Yana da Bakin Kukan Albashi?

Malam Habu (ma'aji): Assalamu alaikum 'yan uwa. Kamar yadda sakatare ya sanar, yara biyu 'yan garin nan sun samu gurbin karatun likita bana, namiji da mace, kuma iyayensu sun rubuto wa ƙungiya suna neman a ɗauki nauyinsu. Kafin zaman Asabar ina so in faɗi matsayina a fili, kada wani ya ce na yi masa kwanton ɓauna. Na yarda a biya. Amma da sharaɗi: su sa hannu, iyayensu su sa hannu, cewa idan sun gama za su yi shekara biyar suna aiki a asibitin garin nan. Zan kuma ƙara da abin da na san ba zai yi wa wasu daɗi ba. Wanda jama'a suka karantar da guminsu ba shi da bakin kukan albashi, balle ya rufe asibiti ya tafi yajin aiki. Shekara 35 na yi ina koyarwa a firamare, har na ajiye aiki ina hedimasta albashina bai kamo na yaron da ya fito daga makarantar likita jiya ba. Kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski.

Alhaji Ɗanlami: Malam, Allah ya saka da alheri, ka fitar da abin da ke cina. A 2021 likitoci masu neman ƙwarewa suka tafi yajin aiki tun farkon Agusta, ba su dawo ba sai farkon Oktoba. A cikin wata biyun nan na kai mahaifinmu wani asibitin gwamnati, fitsari ya ƙi fita, tsoho yana ta murƙususu. Aka ce babu likita. Wani ma'aikaci ya ja ni gefe ya kwatanta mini asibitin kuɗi. Da na je, wa zan gani? Ɗaya daga cikin waɗanda aka ce suna yajin aiki. Ni na biya, don Allah ya hore mini. Amma akwai wani dattijo da muka tarar a kan benci da ɗansa, da gani daga ƙauye suka zo, kuɗin motar komawa ma da kyar. Har yau fuskarsa tana dawo mini. Ina goyon bayan shekara biyar, in ma da hali a ƙara.

Likita Zainabu: Baba Malam, kai ka koyar da ni a aji uku, don haka ba zan ɗaga murya a gabanka ba. Amma ka ba ni dama in faɗi abin da na sani, don mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Zan fara da maganar Alhaji, don ita ce ta fi zafi. Abin da ya gani yana faruwa, ba zan musa ba. Likitan da ya bar majinyaci a benci ya koma asibitinsa yana jiran a turo masa shi, ya ci amana, kuma mu ma a cikinmu muna ƙyamar irinsa. Allah ya ƙara wa mahaifin Alhaji lafiya.

Sai dai Baba Malam, ka haɗa abu biyu a kwando ɗaya. Cika alkawari daban, rufe baki daban. Bari in lissafa maka hanyar da yaran nan za su bi. Shekara shida a jami'a, idan an yi sa'a. Mu ba mu cika yin sa'ar ba, don malaman jami'a sun yi yajin aikin wata tara a 2020, sun sake na wata takwas a 2022. Sai shekara ɗaya ta sanin makamar aiki a asibiti, wadda sai ka gama ta ake ba ka cikakken lasisi. Sai shekara ɗaya ta hidimar ƙasa. Idan kana son ƙwarewa a wani fanni, kamar yadda nake yi a ɓangaren mata da haihuwa, ka ƙara wasu biyar ko shida, da jarrabawa mataki-mataki wadda ake faɗuwa a sake biya. Ƙawayena da muka gama sakandare tare, wasu sun kai shekara goma suna ɗaukar albashi kafin ni in karɓi na farko.

Sannan aikin kansa. Ranar kwanan asibiti ina shiga da safe, in wuni, in kwana, washegari in zarce da duba marasa lafiya har bayan azahar. Na taɓa yin tiyatar haihuwa huɗu a dare ɗaya, ta ƙarshen da fitilar waya muka ɗinke saboda man janareta ya ƙare. Alawus ɗin haɗarin aiki da ake ba likita a ƙasar nan naira 5,000 ne a wata, shekara da shekaru, sai a ƙarshen 2021 aka ɗaga shi zuwa tsakanin 32,000 da 40,000. Wato a watan Janairun 2020, lokacin da zazzaɓin Lassa ya kashe likitoci a Kano bayan sun yi wa wata mai ciki aiki, kuɗin da aka ƙiyasta ransu da shi ke nan, dubu biyar. Idan ba mu yi magana a kan wannan ba, wa zai yi?

An zalunce ka, Baba. Malamin firamare a ƙasar nan an zalunce shi zalunci mai girma, kuma da ba don irinku ba da babu likita ko ɗaya. Amma zaluncin da aka yi maka bai kamata ya zama mudun da za a auna wa kowa ba.

Malam Habu: Zainabu, na ji ki, kuma Allah ya yi miki albarka. To amma amsa mini wannan. Mafi ƙarancin albashi yanzu naira 70,000 ne, shi ma ba ko'ina ake biya ba. Mai gadin asibitinku da mai shara, su ma suna shaƙar cutar da kike shaƙa. Da su tafi yajin aiki da kada su tafi, ba wanda zai ji. Ku kuwa kun san ran mutane yana hannunku, shi ya sa kuke matsa wa gwamnati ta nan. Gwamna ba ya kwanciya a asibitinku. Talaka ne yake biyan kuɗin rigimarku da gwamnati.

Likita Zainabu: Wannan gaskiya ce, Baba, ba ni da amsar da za ta wanke ta gaba ɗaya. Duk yajin aikin da na shiga, na shiga ne raina ba daɗi. Abin da zan ce kawai, kusan kowane yajin aikinmu a kan abin da gwamnati ta riga ta sa wa hannu ne ta ƙi cikawa: bashin albashi, kuɗin horon ƙwarewa da dokar 2017 ta tanada, ɗaukar sababbin likitoci a gurbin waɗanda suka tafi. Ana ba da wa'adi, a ƙara wa'adi, a yi na gargaɗi. Ba wanda yake kula mu sai ranar da aka ga ƙofa a rufe. Wani ma ba na kuɗi ba ne sam. Na watan Agustan 2024 a kan wata abokiyar aikinmu ne da aka sace a Kaduna, ta yi wata takwas a hannun masu garkuwa ba wanda ya motsa.

Nura (ɗalibi, aji biyar): Ina gaida iyayena da yayyena. Ni ina ciki yanzu, bari in faɗi inda kuɗin yake tafiya, don na ga kamar ana ɗauka rajista ce kawai.

Rajista ta tashi sosai tun 2023, kowa ya sani, har gwamnatin Kano sai da ta biya wa dubban ɗalibanta na Jami'ar Bayero a shekarar. Amma abin da yake karya ɗalibin likita shi ne zaman yau da gobe. Daga aji huɗu ka koma asibitin koyarwa, babu dogon hutu kamar na sauran ɗalibai, babu damar ka je ka yi sana'a ko ka taya babanka noma ka samu na kashewa. Ga littattafai, ga abin awon ƙirji da na hawan jini, ga farar riga, ga kuɗin mota idan an tura ku asibitin ƙauye. Kuma idan ka faɗi babbar jarrabawar wucewa mataki na gaba ka sake faɗuwa, ana iya sallamar ka bayan ka ɓata shekara uku. Na san wanda ya faɗi ba don ba shi da ƙoƙari ba, sau ɗaya yake cin abinci a rana.

Akwai lamunin NELFUND, asusun ba ɗalibai bashin karatu na gwamnatin tarayya, da aka buɗe a watan Mayun 2024. Suna biyan kuɗin makaranta kai tsaye ga jami'a, su ba ɗalibi naira 20,000 a wata. Babu ruwa a kai, kuma sai shekara biyu bayan hidimar ƙasa za a fara cirar kashi 10 cikin ɗari na albashinka. Ni na karɓa, ya kuma taimaka, amma dubu ashirin ba ta kai mutum ƙarshen wata. Shawarata yaran nan su nemi wannan don rajista, ƙungiya ta riƙe musu abinci da ɗaki da kayan karatu. Nauyin zai ragu sosai.

Abu ɗaya ya tsaya mini a rai. A ajinmu akwai 'ya'yan masu hali. Ba wanda zai sa su sa hannu a kan komai. Ranar da suka karɓi lasisi duk inda suka ga dama za su tafi. Ɗan talaka kaɗai ake kawo wa takarda, don shi ne ba zai iya cewa a'a ba.

Alhaji Ɗanlami: Nura, ɗan mai hali da kuɗin ubansa ya yi karatu. Wannan kuwa da kuɗinmu. Ina laifin mai kuɗi ya faɗi abin da yake so a yi masa da kuɗinsa?

Barista Sadiya: Kawu Alhaji, a nan ne lissafin ya ɗan kauce. Ɗan mai halin da ke jami'ar gwamnati, shi ma ba da kuɗin ubansa kaɗai ya yi karatu ba. Ministan lafiya Muhammad Ali Pate ya ce horar da likita ɗaya yana cin sama da dala 21,000. Abin da uba ko ƙungiya za su biya ɗan tsagi ne a ciki. Sauran, albashin malamai, ɗakunan gwaji, asibitin koyarwa, daga baitulmali yake. Idan bashi ne, kowa ya ci, ba ɗan talaka kaɗai ba.

Wannan tunanin ne ya sa wani ɗan majalisar wakilai daga Legas, Ganiyu Johnson, ya kawo ƙudiri a 2023 cewa kada a ba likitan da ya yi karatu a Najeriya cikakken lasisi sai ya yi aikin shekara biyar a gida. Ya tsallake karatu na biyu a watan Afrilu, ƙungiyoyin likitoci suka yi masa ca, bai zama doka ba. Ko ba komai shi ya haɗa kowa da kowa, bai ware talaka ba.

Yanzu ga matsalar takardarmu ta fuskar aiki. Ƙungiya ba ta ɗaukar likita aiki. Asibitin garin nan na gwamnatin jiha ne, hukumar kula da asibitoci ce take ɗauka, ita take turawa inda ta ga dama. Idan yaro ya gama, jiha ba ta ɗauke shi ba, ko ta ɗauke shi ta tura shi wata ƙaramar hukuma, ya saɓa alkawari ke nan? Shekarar sanin makamar aiki dole a asibitin da hukumar likitoci ta amince da shi za a yi ta, namu ba ya ciki. Hidimar ƙasa kuma ana iya jefa shi ko'ina. Sannan ko ya karya alkawarin da gangan, kotu ba za ta kamo shi ta zaunar a ɗakin duba marasa lafiya ba. Iyakarta ta ce ya biya abin da aka kashe. Ku duba darajar naira: a watan Mayun 2023 dala ɗaya tana wajen 460 a farashin gwamnati, shekara ɗaya bayan haka ta kusa 1,500. Abin da za mu kashe a shekara shida, wanda ya samu aiki a waje zai biya shi cikin 'yan watanni ya karɓi takardarsa. Jihohin da ke ɗaure ɗalibansu da irin wannan yarjejeniya sun daɗe suna ganin haka.

Likita Kabiru (daga Saudiyya): Na daɗe ina karantawa ban sa baki ba, don na san ni ne misalin da ake nufi ko ba a ambaci sunana ba. Baba Malam, ina gaisuwa.

Jiha ce ta ɗauki nauyina tun daga aji huɗu, ta sa ni a albashi ina ɗalibi, na sa hannu. Na cika shekarun da aka ɗora mini, ban rage kwana ɗaya ba. Shekara uku daga ciki a wani babban asibitin ƙaramar hukuma na yi su, mafi yawan lokacin ni kaɗai ne likita. Ni ne na yara, ni ne na mata, ni ne mai tiyata, ni ake tasowa ƙarfe biyun dare. Ban ƙi wannan ba, wallahi a nan na koyi aiki, kuma a nan aka fi ganin mutuncina. Har yau akwai masu aiko wa mahaifiyata gero.

Abin da ya fitar da ni bai wuce uku ba. Abokin karatuna da ke asibitin tarayya yana ɗaukar abin da ya fi nawa nesa ba kusa ba, alhali takardarmu ɗaya. Shi ya sa kafin likita ya tafi waje, ya riga ya gudu daga asibitin jiha zuwa na tarayya, daga ƙauye zuwa birni. Na biyu, ina rubuta magani na san babu shi a asibitin, ina cewa a kawo jini na san sai an yi tafiyar awa biyu. Mace ta mutu a hannuna da zubar jini, ba don ban san abin yi ba, sai don babu leda ɗaya ta jini. Irin wannan yana cin mutum a hankali. Na uku, aka fara satar mutane a hanyar, kuma kowa ya san motar likita.

Ban ce na yi daidai ba. Akwai daren da nake tunanin wa yake duba mutanen nan yanzu. Amma ku tuna a 2019 ministan ƙwadago na lokacin, Chris Ngige, wanda shi ma likita ne, ya fito a talabijin ya ce muna da likitoci har sun yi yawa, mai son tafiya ya tafi. Bayan shekara biyar ministan lafiya ya ce kusan likitoci 16,000 sun bar ƙasar. A 2001 a Abuja shugabannin Afirka suka yi alkawarin ware wa lafiya kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗi. Gwamnatin tarayya tana yawo ne tsakanin kashi 4 da 6. Wanda ya fara karya alkawari ba likita ba ne.

Malam Habu: Kabiru, kai ka cika naka, ba ni da magana a kanka. Amma ka lura da abin da ka faɗa da bakinka. Shekara ukun nan da ka yi, takarda ce ta zaunar da kai. Ba don ita ba da mutanen nan ba su samu ko ukun ba.

Likita Kabiru: Haka ne, Baba. Ba zan musa ba.

Hajiya Larai (ungozoma mai ritaya): To ni ku saurare ni, don na fi ku duka daɗewa a ɗakin haihuwa. Duk kuna maganar yaron, ba wanda ya yi maganar yarinyar, alhali ita ce garin nan ya fi buƙata.

Na ga mata da yawa da aka kawo bayan kwana biyu suna naƙuda, ko jijjiga ta riga ta kama su, don maigida ya ce namiji ba zai duba matarsa ba, ko ita da kanta take jin nauyi. Wasu sun rayu da yoyon fitsari, wasu ba su rayu ba. Dalilin da ya sa gwamnatocin Kano da Jigawa da Borno suka riƙa tura yara karatun likita waje ke nan, 'yan mata da yawa a cikinsu, wasu Sudan, wasu Masar. An kashe kuɗi masu yawa. Da yaƙi ya ɓarke a Khartoum a watan Afrilun 2023, ai kun ga yadda aka kwaso su a motoci zuwa iyakar Masar, karatu ya tsaya, aka shiga neman inda za su ƙarasa. Wanda ya gama a waje kuma sai ya zauna jarrabawar hukumar likitoci kafin ya taɓa majinyaci. Ga tamu ta samu gurbi a gida, kusa da iyayenta. Idan muka tsaya jayayya har gurbin ya wuce, ban san me za mu ce wa Allah ba.

Amma Malam Habu, takardarka ta manta da mutum ɗaya. Yarinyar nan shekararta 18. Kafin ta gama za ta yi aure, in sha Allahu. Mijin da ba mu san shi ba, yana iya zama a Abuja ko Fatakwal. Uba ya sa hannu, ita ta sa hannu, miji ya ce matata ba za ta zauna a can ba. Sai mu yi yaya, mu kashe aure? Wannan zama ake yi da iyayenta tun yanzu, su san duk mai neman ta sai an faɗa masa da nauyin da ke kanta.

Ke kuma Zainabu, da ke da Kabiru, ga taku. Ba albashi kaɗai ya sa mutane ba sa tausaya muku ba. Wasunku ba su iya magana da mutane ba. Tsohuwa ta zo tun asuba ta bi layi, ta shigo, likita bai ɗago kai ya dube ta ba, ya rubuta ya miƙa mata. Ya daka wa nas tsawa a gaban majinyata, nas ɗin da ta girmi uwarsa. Ranar da kuka fito neman haƙƙinku, wannan tsohuwar ba za ta tsaya muku ba. Mu ma mun yi aiki ba kayan aiki, mun yi wata uku ba albashi, amma ba mu daina gaida mutane ba.

Likita Zainabu: Na karɓa, Mama. Wanda ya duba mutum tamanin kafin azahar, gaisuwar takan ƙare masa, amma wannan ba uzuri ba ne ga tsohuwar, ita sau ɗaya ta zo.

Malam Isiyaku: Bismillah. An taɓo addini ta gefe, bari in sa baki kaɗan. Ana yawan ce wa likita aikinka na lada ne, kamar lada da albashi ba sa haɗuwa. Ya tabbata cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, an yi masa ƙaho kuma ya biya mai ƙahon. Sahabbai sun yi wa wani shugaban ƙauye ruƙiyya da ya samu harbin kunama, suka karɓi tumaki, kuma bai hana su ba. An kuma umarce mu da biyan ma'aikaci kafin guminsa ya bushe. Saboda haka neman haƙƙi ba ya rage lada, kuma ba mu da hurumin rubuta wa yaro cewa kada ya nemi haƙƙinsa a wurin wanda ya ɗauke shi aiki. Ba mu ne za mu biya shi albashi ba, ba za mu yafe abin da ba namu ba.

Ɗaya ɓangaren kuma, farkon Suratul Ma'ida umarni ne da cika alkawura. Sharaɗin da ba ya halatta haram, idan an yarda da shi, ya zama wajibi. Samar da likitoci farilla ce ta kifaya a kan al'umma, musamman likita mace. Don haka Malam Habu yana da gaskiya a rabin farko na maganarsa. Abin da zan roƙa, kada a rubuta abin da aka san ba zai yiwu ba, don kada mu jefa yara cikin saɓa alkawari da hannunmu. Barin mai buƙatar gaggawa ya mutu saboda yajin aiki kuwa, wannan ba na ganin hanyar halatta shi, ko me gwamnati ta yi.

Alhaji Ɗanlami: To ni ɗan kasuwa ne, bari in yi magana irin ta kasuwa. Na fahimci takarda ba ta riƙe mutum. Amma Kabiru ya ce abu uku suka kore shi. Tsaro ba a hannunmu yake ba, albashi ba a hannunmu yake ba. Jini fa? Firjin ajiye jini da sola nawa ne? Gidan likitan da ke bayan asibiti, rufinsa ya yaye tun damina biyu da suka wuce, kowa yana gani yana wucewa. Muna da shekara takwas kafin yaran nan su dawo. Idan za mu sa su sa hannu, mu ma mu sa hannu a kan abin da za su tarar. Ni na ɗauki rufin gidan. Amma ban janye daga shekara biyar ba.

Barista Sadiya: Kawu, biyar a jere za ta hana su shiga horon ƙwarewa da wuri, kuma ita ce za ta sa su nemi hanyar biya su gudu. Ga abin da nake ganin zai tsaya da ƙafarsa. Shekara biyu bayan hidimar ƙasa, a garin nan idan jiha ta turo su, in ba haka ba a kowane asibitin gwamnati na yankinmu. Ƙungiya ce za ta bi musu sawun takardar turowar, ba su ba. Wanda ya kasa, ba kuɗin da aka kashe zai mayar ba, zai ɗauki nauyin wani ɗalibin likita ɗan garin nan har ya gama, ko nawa abin ya kama a lokacin. Ta haka faɗuwar naira ba za ta cinye mu ba. Maganar albashi da yajin aiki kuma a cire ta gaba ɗaya.

Likita Kabiru: Wannan na ƙarshen ban jira an rubuta ba. Ku ba ni yaron, abincinsa da ɗakinsa da littattafansa a kaina har ya gama. Ƙungiya ta ji da yarinyar.

Malam Habu: Allah ya saka maka, Kabiru, ya jiƙan mahaifinka. Na yarda a cire maganar albashi daga takarda, tunda Malam Isiyaku ya ce ba haƙƙinmu ba ne. Daga zuciyata kuwa ba ta fita ba. Har gobe ina ganin wanda ya rufe asibiti ya bar talaka a benci ya yi laifi, kuma zan faɗa wa yaran nan haka da bakina ranar da za su tafi. Shekara biyu ta yi kaɗan. Yaron da ya fito jiya, shekarar farko koyo yake yi a jikinmu, ta biyu yana haɗa kaya. Uku ce ƙarshen sassaucina, a kaɗa ƙuri'a ranar Asabar.

Hajiya Larai: Ku kaɗa duk abin da za ku kaɗa. Uwar yarinyar ta zo wurina ɗazu bayan la'asar, ta ce ranar Alhamis ake rufe biyan kuɗin karɓar gurbi, kuma sun sayar da akuya biyu bai kai ba. Asabar ta yi nisa. Malam Habu, ka fitar da wannan gobe da safe, ni da Barista za mu tsaya shaida, sauran a yi shi a zama.

Malam Habu: Shugaba ya amince ta waya yanzu. Nura, ka zo gida bayan sallar asuba ka raka mahaifinta banki, kai ka san yadda ake cike takardun.